Taraktar Ɗantala

Ina kasuwar Diko ina auna wa wata mata gero, sai ga Akinola mai walda a kan babur, ko hula babu. Ya ce, "Malam Datti, rufe buhun nan. Tarakta ta danne Ɗantala."

Tare muka tashi da Ɗantala a Kurmin Sarki. Ni na bi awo, shi ya bi ƙarfe. Ya yi shekaru yana haƙa lambatu a Abuja, da kamfaninsu ya tashi aka bar masa wata tsohuwar tarakta mai bokiti gaba da baya. Da ita ya ci, da ita ya aurar da ƙannensa. In unguwa za ta haƙa ramin shara, shayi kawai yake karɓa.

'Yarsa ɗaya ce, Rukayya. Ƙyanda ta ɗauke ta bara. A daminar bana, ta casa'in da huɗu, kwarin da ke bayan maƙabarta ya fara cin ƙasa yana matsowa layin da take kwance. Ɗantala ya ce zai yanka wa ruwan wata hanya. Ranar da ya tashi farawa, kuloci ya ƙone. Injin na kuka, taya ba ta motsi.

Ya bi kasuwar Fanteka a Kaduna rumfa-rumfa har ya samo faifan kuloci na hannu. Amma ba a sa shi sai an raba tarakta biyu, injin gefe, akwatin giya gefe, kowane a tokare da jak da gungumen itace. Aikin kan siminti ne. Shi kuwa jar ƙasar ƙofar gidansa gare shi, ga ruwa ya jiƙa ta. Yana ƙarƙashi gungume ya nutse.

Bayan mun rufe shi, muka ɗauki shebur da diga muka haƙa hanyar ruwan da hannu. Ba ta yi zurfi ba. Duk hadarin da ya haɗo, gabana faɗuwa yake.

Da safen ranar da abin ya faru na biyo ta wajensa, ƙafafunsa kawai nake gani a ƙarƙashin tarakta.

Na ce, "Mutumina, ka bari ƙasa ta sha iska mana."

Ya ce, "Kai da awon gero, me ka sani? Jiya na je maƙabarta. Kwarin ya cinye kabarin da ke kusa da nata."

"Ko zuwa jibi, in zo in kama maka."

"Datti, yarinyar nan ko tsawa aka yi, cikin rigata take shiga. Je ka kasuwarka. Ka taho min da goro, fari."