Ɗorin Da Na Yanke Da Wuƙa

A shekarar da na karye, albasata ta fi ta kowa kyau a fadamar da ke bayan Dingyadi. Ba alfahari nake yi ba. Na faɗa ne don a san abin da ya kai ni ga wautar da na tafka.

Mu Kirista ne, 'yan gidaje kaɗan a Boɗinga. Ginin rijiya ya kawo mahaifina garin, ya zauna. Nan aka haife ni, nan na koyi ajami wajen wani maƙwabcinmu, har yau kuma da shi nake rubuta addu'o'ina a wani littafi mai jan bango. Wata ranar kasuwa na ɗauko injin ban ruwa daga wurin gyara, na ɗaure shi bayan babur. Akuya ta gitta, na kauce mata, na faɗi, injin ya sauka a kan ƙwaurina na hagu. Na ji ƙashin ya yi ƙara kamar an karya busasshen kara.

Aka kai ni Dandin Mahe wajen wani tsoho mai ɗori, wanda ya gaji sana'ar tun kakanni. Ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashin, ya shafa man shanu, ya jera kara, ya naɗe da tsumma da igiya. Yana tofinsa, ina kiran sunan Almasihu a zuci. Ya ce kwana arba'in kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Ya ƙara da sharaɗin gidansu: hannun da ya ɗaure shi ke kwancewa, wanda kuwa ya kwance da kansa kada ya sake dawowa.

Na yi kwana ashirin da uku a kwance. Matata ke kai da kawowa tsakanin gida da fadama, maƙwabta na taimaka mata in sun gama nasu. A rana ta ashirin da huɗu wani ya zo gaishe ni, ya ce lawashin albasata ya fara ja don ƙishi. Zafin ƙafa ya riga ya tafi. Na ce a raina Allah ya gama aikinsa, tsoho ne kawai ke jan rai. Da matata ta fita, na ɗauki wuƙar yankan kubewa na datse igiyar.

Kwana biyu na yi ina ɗingishi tsakanin fangali da sanda. A na uku ƙafar ta kumbura, ƙwaurin ya lanƙwashe kamar lauje.

Muka koma Dandin Mahe. A hanya na shirya ƙaryata tsaf, na ce igiya ce ta saki da kanta. Tsohon ya sa aka miƙo masa guntun igiyar, don matata ta taho da ita cikin ledar tsummokaran ban sani ba. Ya juya bakinta a hannu.

"Wagga igiya tana da haƙora, ɗana? Ko ɓeran gidanku wuƙa shika yawo da ita?"

Mutanen zaure suka yi dariya. Tsohon ya ce mu tafi, shi ba ya karya sharaɗin ubansa. Ya nuna mini cewa in aka bar ƙafar haka za ta haɗe a karkace, ni da riƙe fartanya a tsaye kuma sai dai labari.

Na zauna a ƙofar zauren har inuwa ta juya. Abin da ya dame ni ya wuce ƙafa. Ni da nake tsayawa gaban jama'a ran Lahadi ina cewa Almasihu ya fanshi mai zunubin da ya furta laifinsa, ga ni na zo da ƙarya a baki wajen mutumin da ya yi mini alheri. Na ja jiki na koma ciki.

"Baba, ni na yanke. Da wuƙa. Na yi maka ƙarya, ka gafarce ni. Ko ba ka ɗaure ba, ina son ka san gaskiya."

Tsohon ya ajiye guntun igiyar. Sannan ya ce ubansa ya hana ɗaure wa mai taurin kai, amma bai taɓa jin ya hana ɗaure wa wanda ya tuba ba. Sai dai in sani, dole a sake karya abin da ya fara haɗewa, kuma wannan karon kwana sittin ne, a zaurensa, inda idonsa ke gani.

Mutum huɗu suka danne ni. Ba zan bayyana wannan zafin ba. Da na dawo hayyacina na roƙi matata ta kawo mini littafin nan mai jan bango, na rubuta layi ɗaya: Ya Ubangiji, ba zan sake riga ka ba.

Albasa ta tafi. Abin da maƙwabta suka tsamo mini bai cika rudun ajiyar albasa guda ba. Bikin Ista ya same ni a kan tabarma, 'yan'uwa uku daga majami'a suka zo muka yi addu'a a hankali, tsohon ya aiko musu da fura. A ranar na yi ta tunanin Asabar ɗin da ke tsakanin gicciye da tashi. Almajiran ba su da abin yi a cikinta sai jira, Allah kuwa bai makara ba.

Ana saura kwana biyu sittin ta cika, aka zo aka ɗauki tsohon zuwa wata ruga bayan Mandera, inda bijimin sa ya take wani makiyayi. Sittin ta cika bai dawo ba. Sittin da ɗaya, da biyu. Ƙafar na ƙaiƙayi kamar tururuwa ta shiga tsumman. Wani baƙo a zauren ya ce ai lokaci ya yi, in na yarda shi ma ya iya kwance igiya. Na gode masa. Na ciro 'yar askar da nake fiƙe fensir da ita na ba matata, na ce ta tafi da ita Boɗinga.

Ran kwana na sittin da shida tsohon ya dawo da hantsi. Ko ruwa bai sha ba ya duƙa ya duba ƙullinsa.

"Yau ɓeran bai zo ba ke nan."

"Na kore shi, Baba."

Ya kwance a hankali, ya bi ƙwaurin da babban yatsa daga gwiwa har idon sawu. Ya ce da ya kwance ran sittin ma da sai ya mayar, don akwai wurin da bai gama ƙwari ba sai yanzu. Ya miƙo mini hannu ya ce in taka.

Na taka. Ƙafar ta rame kamar sanda, tana rawa, amma a miƙe take. Na yi taku bakwai zuwa bakin zaure, na dafa bango, na yi godiya ga Mai Cetona.

Da kaka ta wuce na yi dashe a fangali goma sha biyu kawai, don ƙafar ba ta jure fiye da haka ba. Da ƙafata na shiga fadamar.