Yatsan Kawu

Har yau in na ji wani ya ce karatun fim wasa ne, sai in ji kamar in shaƙe shi. Wasa? Shekara huɗu na yi a jami'a, kuma ba a ba ka digiri sai ka haɗa gajeren fim da hannunka, kai ka ɗauka, kai ka tace, sannan ka zauna gaban malamai uku su yi maka filla-filla. A shekararmu ta ƙarshe aka manna sanarwa a ƙofar sashenmu cewa wata makarantar fim a ƙasar waje za ta ɗauki ɗalibi ɗaya ya yi shekara guda a can. Suna son sakamako mai kyau, da wasiƙar malami, da fim ɗin, da takardar amincewar duk wanda fuskarsa ta fito a ciki, da sa hannunsa ko dangwalen yatsansa. Wannan na ƙarshen dariya ya ba ni, don fuska ɗaya ce a fim ɗina, ta kawuna.

Kawu yayan Innata ne, masunci a Argungu. Sati uku ina biye da shi da kyamarar aro. Na ɗauke shi yana kwance bisa gora yana tura homa, ragar nan ta hannu, na ɗauke shi yana cizon zare yana ɗinkin raga, yana faɗa da kifin da ya kufce masa kamar kifin na jin magana. Bai taɓa ce mini kauce ba. Shi ma yake cewa, "Zaga ta nan, rana ta fi kyau." Da malamai suka kalla, mafi tsauri a cikinsu ya ce in ban tura wannan fim ba, kada in ƙara gaishe shi.

Saura kwana tara a rufe karɓar takardu na hau mota daga Birnin Kebbi. Na iske Kawu da hantsi a bakin gulbi, shi da masunta kusan goma suna gyaran raga. Muka gaisa. Ban ko zauna ba, na zaro takarda da gwangwanin tawada na miƙa masa a gabansu.

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Mi na na wanga?"

Na ce shaida ce cewa ya yarda na ɗauke shi, ya dangwala kawai.

"Ban yarda ba, ni in bar ka sati ukku bisa kaina? Dangwale ai na kotu na, da na sai da gona ga baƙo. Ɗan ƙanwata ka kawo min tawada gaban mutane? Mi ni taɓa ci naka?"

Wani daga cikin masuntan ya yi 'yar dariya, ya ce 'yan boko ke nan, ko kawunsu sai da shaida. Nan kaina ya yi zafi. Ni da na raba dare ina tace fim ɗin da zai kai fuskar mutumin nan inda bai taɓa mafarki ba, ni ake yi wa dariya? Na ce, "Haba Kawu, wannan ai duhun kai ne!"

Kawu ya ja ragarsa ya juya mini baya. Na tattara takardata na tafi ko sallama babu.

Na rubuta wa makarantar doguwar wasiƙa. Na yi musu bayani cewa a wurinmu bakin dattijo ya fi takarda, su kalli fim ɗin su gani in mutumin ya yi kama da wanda aka ɗauka a sace. Layi biyu suka maido mini, cike da ladabi: ba takarda, ba duba fim. Kai jama'a! Mutanen da suka rubuta a sanarwarsu cewa suna neman labaran al'ummomi daga bakin masu su, su ne ba su san abin yi da bakin ba sai an mai da shi tawada. Na yi ta zage-zage ni kaɗai a ɗaki.

Wani abokin karatuna ya ce in dangwala nawa yatsan mana, wa zai zo Argungu ya auna? Na shafa tawadar har na ɗora hannu kusa da takarda, sai na kasa. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, kada in yi wa kaina ado. Gani na yi in na yi haka, abin da Kawu ya zarge ni da shi ya tabbata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hanya na nan a cikin gidanmu, na ƙi bi. Da na gaya wa Inna, da magana ta ƙare. Amma in na gaya mata, dole ta ji abin da na ce wa yayanta a gaban mutane. Sai na zaɓi in kumbura. Kwana tara ina shiga ina fita ina cika ina batsewa, ina jiran dattijo mai furfura ya kira ni ya ba ni haƙuri. Ranar Juma'a aka rufe, ina zaune da takarda fara fat.

Ranar Lahadi matar Kawu ta fesa wa Inna a waya. Abin da Inna ta yi mini ba na rubutawa ba ne. Ta kira yayanta, ban san me suka ce ba, ni kuma ban buɗe baki na ce mata lokaci ya wuce ba.

Litinin da azahar sai ga Kawu da kansa a Birnin Kebbi, da kwali a kafaɗa. Ya zauna a ɗakin Inna, ya sha ruwa, ya ce in kawo abin nan. Na kawo. Ya shafa babban yatsa, ya danna a hankali, ya duba ko ya fito da kyau.

"Cikin ɗaki haka, ko goma kaka so sai in yi ma," in ji shi. "Gaban mutane na ba a yi wa babba haka."

Sannan ya turo mini kwalin. Kifi ne banda, zaɓaɓɓe, an jera shi da kyau. Ya ce an gaya masa can abincinsu ba ɗanɗano, in riƙa jefawa a miya. Ya goge yatsan a gefen tabarma, ya ɗago kai yana murmushi.

"To, yaushe na tahiyar?"

Inna ma ta juyo tana jira. Na dubi takardar, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

Na ce, "An rufe tun Juma'a, Kawu."