Fuskar da Rahma Ta Goge

Hoto ɗaya tal Hajiya Yelwa ta yarda aka yi mata a duniya. Jikarta Rahma ce ta ɗauka, ita ce kuma ta ɓata shi da hannunta.

Rahma haifaffiyar unguwar New Bell ce a birnin Douala. Ta yi boko da Faransanci, ta yi shekaru tana buga takardu a wani ofis a unguwar Bonapriso har aka rufe shi. Da zaman gida ya ishe ta, sai ta sayo kamara ta gwanjo a kasuwar Mboppi, ta duƙufa kallon darussa a waya. Kai, ta sha wuya! Hotunanta na farko ko su yi duhu kamar an ɗauke wuta, ko haske ya cinye fuskar mutum. Sannu a hankali ta gane kan abin. Ta koyi ɗaukar ɗanyen hoto, wato yadda kamara ta kama shi kafin a taɓa, sannan ta hau kwamfuta ta daidaita haske da launi. In gyara ya ɓaci, ɗanyen yana nan, sai a koma masa.

Kasuwa ta buɗe mata a gidajen biki, inda mata ba sa son namiji ya shigo musu da kamara. Amma fa matan unguwa maganarsu ɗaya ce: "Rahma, ki haska ni, ki goge min ƙurajen nan." Ta yi ta gogewa har hannunta ya saba, tana hira ma tana mayar da fuska sumul.

Ita kuwa Hajiya Yelwa Bagobira ce, ta biyo mijinta mai fataucin goro zuwa Douala tun ƙuruciya, da tsagar gidansu a kumatu biyu. Duk wanda ya nufe ta da kamara sai ta ja mayafi. Wata ranar Sallah Rahma ta ritsa ta a bakin ƙofa.

"Tsohuwa, bouge pas, kar ki motsa!"

"Ja'ira, ni kike yi wa Faransanci?" Ta fashe da dariya, Rahma ta danna.

Hoton ya shiga cikin na wani biki. Rahma ta bi shi da gyara yadda ta saba: ta shafe tamoji, ta haska fata, tsagar ma ta bi ta da gogewa. Ƙawayenta suka ce kakarta ta koma budurwa, ita ma ta ji daɗi. Da kwamfuta ta cika, ta share ɗanyun hotunan gaba ɗaya. To me? Tsohuwa tana ɗakin kusa, ko gobe a sake wani.

Cikin damina Hajiya ta rasu da safe, kafin la'asar an kai ta. Ƙanenta Malam Iro, wanda rabonsa da ita tun yana da baƙin gashi, ya taso daga Gobir, ya yi kwanaki a hanya.

Hankalin Rahma ya tashi. Ta buɗe hoton ta ce bari ta mayar da tsagar. Nan ta tsaya. Ina layukan suka faro, ina suka lanƙwasa? Fuskar da take gani kowace safiya, wallahi ta kasa tunawa. Abin da ta zana ya fito kamar wasan yara, ta share shi tana kuka.

Malam Iro ya iso ya tarar da zaman makoki kawai. Bayan addu'a ya sa aka kira Rahma. Ta durƙusa gabansa, ga tsagar nan a fuskarsa, irin ta Hajiya sak.

"'Yar nan, an ce kin yi mata hoto. Ban samu ganinta ba, ki nuna min."

Ta miƙa masa wayar. Ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar mata da hannu biyu.

"Masha Allah, wannan baiwar Allah kyakkyawa ce. To, nuna min na Yaya."