Tsagar Ɗan Sarkin Faransa

Ranar wata kasuwar Tasawa ce, da kaka, Nasara ba su shigo ƙasarmu ba tukuna, ni kuwa ina famfarar haƙora. Muna tsakar gida ana sussukar gero, ƙaiƙayi ya cika mana wuya, sai ga Baba da ɗan akwatin katako a hannu. Wani Balaraben Tarabulus mai sayen fata, da ya yi jinya a zaurenmu, shi ya bar masa don godiya. Turare ne a ciki, amma wa ya kula da turare? A kan murfin an zana yaro da launi kamar zai yi magana: fari tas, gashi ya zubo kamar na masara, riga har ƙasa mai aikin zinariya, ga ɗan kare a gefensa. Duk muka ce ɗiya ce. Baba ya ce a'a, Balaraben ya rantse namiji ne, ɗan wani sarkin Faransa na can zamanin da, wai haka suke sa wa 'ya'yansu maza tufafin mata har su yi wayo. Mata suka yi ta dariya har taɓarya ta suɓuce.

Ni na zama uwar goyonsa. Na yar da 'yar tsanata ta kara, na riƙa goya akwatin da tsohon zanen Inna. Da shi nake zuwa rijiya, da shi nake roron wake, a dandali kuwa duk wadda ta so ɗaukarsa sai ta ba ni goruba. Ba yabon kai ba, duk unguwarmu babu yarinyar da ta taɓa goyon ɗan sarki sai ni.

Ana nan sai Liman ya gaya wa Baba cewa mala'iku ba su shiga gidan da ke da surar mutum. Baba ya ce gobe da hantsi zai kankare fuskar da wuƙa. Na ƙi tuwo, na yi kuka har muryata ta dushe. Kakata Gwamma, uwar Baba, ta karɓi akwatin ta daɗe tana duba, ashe ita abin da ya dame ta daban. "Wane irin sarki ne zai bar ɗansa ba tsaga?" ta ce. "In ya ɓace, wa zai mai da shi gida?" A lokacinmu wannan ba wasa ba ne, don in mahara suka ɗauke yaro, da tsagar fuskarsa dangi ke gane shi. Ta dubi Baba ta ce, "Kai ba wanzami ba ne. Ƙarfe bai taɓa fuskar yaro a gidan nan sai a hannun mai shi." Baba ya yarda, a zatonsa kankarar ce wanzami zai yi.

Da safe wanzamin gidanmu ya zo da zabirarsa, Baba yana gona. Gwamma ta yi wa wanzamin raɗa, ta ɗora akwatin a cinya kamar ranar suna. Ya yi bisimilla, ya ja siraran zane daga gefen baki zuwa kunne, irin na gidanmu, ya shafa baƙin tukunya. Da yake yaron bai yi kuka ba, ni na yi masa.

Baba ya dawo ya duba, ya sake dubawa. Gwamma ta miƙa masa wuƙa. "Ga ta nan, kankare tsagar ubanka." Ya kai hannu ya shafa nasa kuncin, can sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce a bar shi ɗakin Gwamma, a riƙa kife shi in za a yi salla.

Yau jikokina 'yan lakwal ne, makarantar boko ke nan, kowa da hotonsa a aljihu, fuska sumul, aska ba ta taɓa su ba. Na san ba su sha zafin da muka sha ba, ina kuwa gode wa Allah. Amma in suka taru da 'ya'yan maƙwabta, sai na tambayi yaro ɗan wane ne. Mu a da, ba a tambayarmu.