Baba Wilson da 'Yan Layin Baya

Shekara ashirin da shida Wilson Didam ya yi a ɗakin awo na wata masaƙa a Kakuri, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa da fensir a hannu yana lissafi. In aka turo bandir-bandir na atamfa, kafin akawu ya gama jera lambobi a takarda, Wilson ya faɗi yadi nawa ne, da inci nawa suka yi saura. Iliminsa bai wuce aji shida na makarantar mishan ba, can wajen Zonkwa, inda ya gama a 1952. Amma aji shidan nan ya riƙe shi da alfahari kamar digiri.

A 1984 masaƙa ta rage ma'aikata, sunansa ya fito a jeri na biyu. Ya dawo gida Unguwar Television da akwatin kayan aikinsa da ƙarfinsa, ba wurin zuwa. Matarsa na da teburin kayan miya a kasuwa, manyan 'ya'yansa sun kama gabansu, sai autarsa Celina da ke aji shida a firamare. Zaman gidan ne ya sa ya fara leƙa littattafanta.

Wata ranar Asabar ya tambaye ta goma sha biyu sau goma sha uku. Yarinya ta nemi takarda.

"Takardar me?" in ji shi. "Kanki fa, me yake yi?"

Abin ya tsaya masa a rai har ranar taron iyaye da malamai. Da aka ba da dama ya miƙe, ya ce a zamaninsu yaro ɗan aji huɗu ya fi ɗan sakandaren yanzu lissafi, malamai sun daina aiki, yara sun daina tunani. Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Malamar aji shida, Eunice, wadda shekararta uku ke nan da fitowa daga kwalejin horon malamai, ta bari sai da ya zauna.

"Baba, na ji maganarka," ta ce. "Ranar Litinin ka zo. Ka kawo tambayoyin da aka yi muku a zamaninku, ka ba ajina da hannunka."

Wilson ya ce zai zo, ya kuwa zo. Ya saka farar rigarsa ta zuwa coci, ya rubuto tambayoyi goma daga ka, na yadi da mil da rabawa mai tsawo. Da ya shiga ajin sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. Yara casa'in da huɗu ne. Na gaba suna kan benci, biyar-biyar, na baya suna zaune a kan siminti da littafi a gwiwa, allon kuma daga can baya da ƙyar ake ganin rubutunsa. Ya karɓi alli.

Ya kwashi takardun ya duba su a gida. Yara tara suka ci bakwai ko fiye, Celina ta ci biyar. Talatin da ɗaya ba su ci ko ɗaya ba.

Da yamma ya ɗauki takardun ya hau bas zuwa Makera, wurin abokinsa Malam Shehu tela, wanda suka saba tun lokacin da Shehu ke zuwa masaƙa sayen guntayen yadi. Ya baje su a kan teburin yanka.

"Ka gani da idonka, Malam Shehu. Tara kacal cikin casa'in da huɗu."

Shehu bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "Ku nawa ne a ajinku?"

"Mu goma sha ɗaya."

"Duka kuna cin wannan?"

Wilson ya yi ɗan tunani, don shi ba mai ƙarya ba ne. "Kamar mu shida."

"To sauran sa'o'inku na ƙauyen fa? Ina suke lokacin?"

"Suna gona mana. Wasu kiwo."

Shehu ya tsayar da keken, ya cije zare. "Ni ma ina cikin irinsu. Da aka zo ɗaukar yara a garinmu, biyu aka ɗauka, ɗan dagaci da wani. Da an zaunar da ni a bayan aji aka ba ni takardar nan taka, sifili zan ci. Amma ba wanda ya ƙirga ni, don ban shiga ajin ba. Yanzu kowa ya shiga, shi ya sa kake ganinmu."

Wilson ya tattara takardunsa ya kama hanyar gida. A bas ya yi ta juya maganar. Bai yarda yaran yanzu sun kai su ba, wannan kam bai yarda ba. Amma talatin da ɗayan nan suka tsaya masa, ya riƙa ganinsu a kan siminti suna miƙa wuya.

Washegari ya koma makarantar. Eunice ta karɓi takardun, ta duba, ta ce ba ta yi mamaki ba. Sannan ta buɗe littafinta ta nuna masa wani shafi.

"Baba, kai ma ga naka. Uku sau wata lamba, a ƙara bakwai, ya ba da ashirin da biyu. Mun sa mata suna x."

"Biyar," in ji shi, tun ba ta rufe baki ba.

"Daidai. Nuna mini yadda ka yi, a allo, layi bayan layi."

Ya riƙe alli ya tsaya. Amsar na kansa, hanyar ce ba ta fitowa. Ta juya shafi, ga zanen layi mai hawa da sauka, ga awon kusurwa, ga lita da kilomita. Duk ba a koya musu ba a 1952. Ya ajiye allin a hankali.

"Malama, ga abin da za a yi. Ki ba ni na bayan nan kullum da safe, rabin awa kafin a buga ƙararrawa. Ni kuma in an tashi ki ba ni minti goma, ki koya mini x ɗin nan."

"Da sharaɗi ɗaya, Baba. Ba bulala."

Ya so ya yi gardama, don shi da bulala aka shigar masa da jadawalin sau, amma ya haɗiye. Hedimasta ya ce in dai ba albashi yake nema ba, ga gindin mangwaro nan.

Makon farko bai yi daɗi ba. Yara ashirin suka zo ranar Litinin, zuwa Alhamis saura takwas. Ya yi musu tsawa, suka daskare. Ya sa su rera bakwai sau takwas, suka rera da kyau, amma da ya tambayi wata yarinya takwas sau bakwai sai ta sunkuyar da kai. A nan ya gane waƙa suke yi, ba su san abin da ke cikinta ba. Ya bi shagunan lemo na unguwa ya tara murafan kwalba cikin buhu. Ya jera su a ƙasa, layi bakwai, kowane layi takwas, ya ce yarinyar ta ƙirga. Sannan ya ce ta zagaya ta tsaya ta ɗaya gefen.

"Yanzu layi nawa?"

"Takwas, Baba."

"Na ƙara ko na rage?"

Ta dubi murafan, ta dube shi, ta yi murmushi. Shi kansa sai a ranar ya ga dalilin abin da ya haddace tun yana yaro.

Waɗanda suka daina zuwa kuwa, gida-gida ya bi su. Wasu ɗiban ruwa ke tsare su da safe, wasu kai kaya kasuwa. Ya zauna da iyaye, ya roƙi rabin awa. Wani uba ya ce masa shi ba malami ba ne, me ya shafe shi. Wilson ya ce gaskiya ne, ya yi sallama, bayan kwana biyu ya sake dawowa. A zuwansa na huɗu mutumin ya gaji, ya ce yaron ya je.

Nasa karatun ma bai zo da sauƙi ba. Ya fi wata biyu yana faɗa da alamar ɗebewa in ta tsallaka ɗaya gefen lissafin. Eunice ta riƙa jan layi da jan biro a littafinsa, shi kuma ya riƙa ɓoye littafin kada Celina ta gani. Daga baya ya daina ɓoyewa, don ita ce ma ta gano masa inda yake kuskure.

Da aka yi jarrabawar shiga sakandare a shekarar, cikin talatin da ɗayan nan mutum bakwai suka samu wucewa. Eunice ta ce abin a yi murna ne. Wilson ya ce saura ashirin da huɗu, kuma laifinsa ne da ya fara da su a makare. Shekara ta gaba ya nemi a ba shi 'yan aji huɗu.

Haka ya yi ta yi har 1989, lokacin da aka mayar da Eunice wata makaranta a Sabon Tasha. Sabon hedimastan da ya zo ya ce ba ya son wanda ba ma'aikaci ba a harabar makaranta. Wilson bai yi jayayya ba. Ya samo falle ɗaya na katako, ya shafe shi da baƙin fenti, ya kafa a jikin bangon gidansa, ya gaya wa iyaye an koma ƙarfe huɗu na yamma.

Har yanzu in tsofaffi suka zauna bayan an tashi coci, aka taso da zancen lalacewar ilimi, shi ake juyowa a tambaya. Yakan ce a saurin kai ba yaron da zai kama shi, a kawo ko wane ne. Amma yakan ƙara da cewa akwai abin da ɗan aji shida ke yi yau wanda shi sai da ya haura hamsin ya iya. Masu son ya tsaya gefe ɗaya ba sa jin daɗin amsar.

Ranar da ya buɗe ajin ƙofar gida, yara goma sha huɗu suka zo. A bayansu akwai wata mata mai goyo, maƙwabciyarsu, ta ce ta rako ɗanta ne kawai. Wilson ya lura leɓɓanta na motsi tare da na yaran. Ya shiga gida ya fito da kujera da guntun fensir, ya ajiye kusa da ita, ya koma gaban allo.