Makoɗin da Na Tono a Gonar Baba

Wata Laraba a ranin shekarar 2004, ina da shekara tara, na kai wa Baba fura gonarmu da ke bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Ya ce in jira ƙwaryar, ni kuma da ba na iya zama wuri ɗaya sai na shiga fangalin tumatir ina neman duwatsun carafke. A gindin kunya na ga bakin tsohuwar tukunya ya leƙo. Na tona da tsinke, sai ga wani guntun ƙarfe mai tsatsa, bakinsa a dakushe, da wani baƙin dutse mulmulalle, duk jikinsa ƙananan ramuka. Da Baba ya gani, fura ba ta ƙara shiga bakinsa ba.

A shekarar tumatirinmu sai yaushi yake yi, na maƙwabcinmu Baba Tanko kuwa shar da shi. Baba Tanko dattijo ne, gidansu na cikin waɗanda suka daɗe a kan al'adun gargajiya, kuma sati biyu kafin nan sun yi cacar baki da Baba a kan wanda zai fara jan ruwa. Kan ka ce me, manoma sun taru, wani ya ce gatarin aradu ne, wani ya ce asiri aka binne don a kashe gona. Baba ya juyo ya tambaye ni ko na taɓa ganin wani a wurin. Ganin manya sun zuba mini ido, bakina ya kufce, na ce na ga Baba Tanko a tsugune a nan. Na gan shi kam, amma ciyawar akuya yake yanka, kuma ban faɗi wannan ba. Mutumin da kullum yake ce mini "amaryata" yana ɓare mini rake!

Muka dawo gida Baba yana huci, ya ce bayan la'asar zai kai ƙara wurin mai unguwa a hana Baba Tanko ruwan layinmu. Ko ni na san tumatirin da ya yi kwana huɗu ba ruwa ya tafi ke nan. Na zauna tsinkar zogale, ina jin tsoron dukan ƙarya, ina jin tsoron yin shiru. Ana cikin haka Iya, mahaifiyar Baba, ta fito alwala ta ga kayan a kan buhu, kowa ya ja baya da su. Ta ɗauki ƙarfen ta juya, ta nufi bayan rumbu, ta kife ruwan agwagi daga tsohon dutsen niƙa, ta hau sara masa ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Wannan ne asirin naku? Makoɗi ne, shi da baƙin dutsen nan, da su ake koɗa dutsen niƙa idan ya yi santsi ya daina cin hatsi. Kafin a haƙa kanal, gidan su Tanko a nan yake. Uwarsa ce take koɗa mana duwatsu duk unguwar, kai ma tuwon hannunta ya raine ka."

A nan na fashe da kuka na faɗi zancen ciyawar. Baba bai dake ni ba, ya naɗe kayan a tsumma ya ce in wuce gaba mu je gidan Baba Tanko. Amma magana ta riga mu isa. Baba Tanko ya karɓi makoɗin ya daɗe yana shafa shi, ya ce wa Baba ba komai, ni kuwa ko kallona bai yi ba.

Yau inji ke niƙa a kowane lungu, 'yata ba ta taɓa ganin dutsen niƙa ba. Baba Tanko ya yi shekara shida yana amsa gaisuwata kafin ya rasu, amma bai sake ce mini amaryata ba.