Fensirin Malam Modu

Ina cikin keke a bakin Kasuwar Litinin da safen nan saƙo ya shigo mini: Malam Modu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai duba aikin digirina na biyu. Ya ƙarar da rayuwarsa a kan tantanin maiƙo da ke lulluɓe ƙwayar halitta. Shi ya koya mana cewa maiƙo mai doguwar wutsiya yana sa tantanin kauri, mai gajera kuma ya sa shi siriri. Ranar farko da man shanu da man gyaɗa ya shigo aji, muka yi ta tsokanarsa wai ƙosai zai soya mana.

Dokarsa guda ce: ba a rubuta sunan kwalba da alƙalamin maka, sai da fensir a takarda, don sinadarin da muke narka maiƙo a ciki yana wanke tawada. Ni kuwa uwar gaggawa, na ɗauke shi tsohon yayi, na rubuta nawa da maka.

Mako uku da suka wuce sinadarin ya zube a tiren kwalabena. Kwalabe goma sha biyu, aikin wata bakwai, rubutun ya goge tas. Ban san wacce ce wacce ba, kuma babu su, babu digiri.

Kunya ta hana ni faɗa masa. Na tura su firiza, na dinga zille masa.

A matakala muka yi haɗuwar ƙarshe. Ya rame, yana haki. Ya gaishe ni da yarenmu, ya ce, "Wushe, Yagana. Kin duba gindin kwalaben nan kuwa?"

Na ce e Malam, na wuce da sauri. Ƙarya na yi masa.

Ɗazu daga gidan gaisuwa na zarce lab, ɗakin bincikenmu, na ɗaga kwalba ta farko. Takarda ce manne a gindinta, rubutun fensir, hannunsa. Duk sha biyun haka. Mai kula da lab ya ce tun ranar da na haɗa su Malam ya bi bayana ya manna, bai ce wa kowa uffan ba.

Aikina ya tsira. Ni kuma ko "na gode" bai ji daga bakina ba, kuma wallahi wannan ke cin raina.

Allah Ya gafarta masa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa Malam Modu a addu'a.